Tiren Ƙarfe Sha Biyu

"Ba zan sa hannu ba, Oga."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma kowa a ɗakin gwajin jinin ya ji. Injin da ke wulwula kwalabe ne kaɗai bai yi shiru ba. Oga, shugaban ɗakin, ya zamo da tabarau kan hancinsa ya dube ta ta samansa, irin kallon da yake yi wa sabon ma'aikacin da ya fasa masa kaya.

"Me kika ce, Agogo?"

Tun watanta na farko suka laƙa mata wannan suna, don ba ta karɓar kwalbar jini sai ta tambayi ƙarfe nawa aka ɗiba. Da tsokana aka fara. Ita kuwa ta riƙa amsawa da fara'a, har sunan ya bi ta.

"Na ce ba zan gwada su ba, ba kuma zan sa hannu ba. Tun ƙarfe bakwai aka fara ɗibar jinin nan. Yanzu sha biyu saura kwata. Taɓa tiren ka ji, Oga. Da ɗuminsa, kamar daga kan wuta aka sauke shi."

Tiren yana tsakaninsu a kan tebur, kwalabe sittin da uku, na mata ashirin da ɗaya. Kowace Talata haka yake hawowa daga sashen awon ciki. Matan da cikinsu ya kai wata shida zuwa bakwai sukan zo ba su karya ba, a ɗebi jininsu, a ba su ruwan suga su shanye, a sake ɗiba bayan awa ɗaya, a ƙara bayan awa biyu. Abin da ake nema ba ɓoyayye ba ne. Idan suga ya yi wa uwa yawa a jini, ɗan cikinta ne ke sha. Ya yi ta ƙiba, kafaɗu su buɗe, ranar haihuwa kai ya fito, kafaɗa ta maƙale. Jinin uwa yana iya yin wannan gargaɗi tun da sauran watanni, tun ana iya yin wani abu.

Amma jini ko a kwalba bai mutu ba. Ƙwayoyinsa suna nan suna cin sugan da ke ciki, awa bayan awa, in da zafi ma su ƙara himma. Shi ya sa ake zuba shi a kwalba mai murfi ruwan toka, wadda ke da maganin tsayar da su, a sa a ƙanƙara, a hanzarta kai shi. Masu ruwan tokar sun ƙare a asibitin tun kafin a ɗauki Agogo aiki, ba wanda ya sake nema. Sai nas-nas suka koma zubawa a masu jan murfi, suna jerawa a tire a kan taga har a gama da mace ta ƙarshe, sannan a hawo da shi sau ɗaya. Bene hawa biyu ne, wa zai yi ta zarya? Kafin tiren ya iso, suga ya zube. Kowace mace sakamakonta lafiya lau.

Wata uku kacal da aka mayar da Agogo kan teburin suga. Ta kwashe su tana rubuta wa Oga takarda a kan wannan, yana cewa zai duba.

"Shekara goma sha ɗaya haka muke yi," in ji shi. "Kina wasan ƙasa muke yi."

"To shekara goma sha ɗaya ke nan muna yi wa mata ƙarya da hatimin asibiti."

Wani daga ƙarshen ɗakin ya yi tarin da ba na mura ba. Oga ya cire tabarau gaba ɗaya, ya ninke shi a hankali.

"Fam ɗinki na kwas yana cikin durowata. Juma'ar ƙarshen wata ake rufe karɓa. Ki tuna da wannan, sannan ki ɗauki tiren nan."

Ai ba ta manta ba. Kwas ne na shekara guda a kan gwajin jini, mutum ɗaya ake ɗauka daga asibitin duk bayan shekara biyu, kuma wanda ya haura talatin ba ya shiga. Ita ta zo ta ɗaya a jarrabawar. Shekarunta ashirin da tara. Abin da ya rage kawai sa hannun Oga a ƙasan shafi na huɗu.

Ta dubi durowar, ta dubi tiren. Sai ta cire safar hannunta ta jefa a kwando, ta fita ta bar shi da abinsa.

Sashen awon ciki yana ƙasa, dogon baranda mai bencina biyu-biyu da fanka ɗaya da ke juyawa kamar an tilasta mata. Sista Babba, wadda ke riƙe da sashen, tana zaune bayan tarin katuna tana fifita da ɗaya.

"A'a! Yau 'yan sama ne a ƙasa? Lafiya, 'yar boko?"

"Sista, jinin yau ya lalace. Sai an sake."

"Ya lalace? Madara ce?"

"Gara madara, Sista. Ita in ta lalace ana jin tsami."

Sista Babba ta ajiye katin. "Ke, dube ni da kyau. Ni da nas biyu muke fama da mata tamanin. So kike in ɗauki kowace kwalba in hau bene da gudu kamar 'yar tseren makaranta? Gwiwar taki ce?"

"Ni zan sauko. Ni zan hau."

"Wa ya aike ki?"

Agogo ta juya ga bencina, inda matan Talata ke ta buɗe ledojin abinci bayan yunwar safiya, ta ɗaga murya ta gaya musu gaskiya ba kwana-kwana: jininsu ya daɗe a ajiye, sakamakon da zai fito ba abin dogaro ba ne, duk wadda za ta iya ta dawo jibi ba ta karya ba.

Baranda ta kaure. Wata ta ce allura uku aka caka mata, jinin nata ba na famfo ba ne. Wata ta ce ruwan sugan nan ko maƙiyinta ba ta so ya sha sau biyu. Wata ta ce dama asibitin nan ba sa gajiya da wahalar da mutane. Agogo ta tsaya ta sha zagin da ba ita ta saya ba, hannayenta a aljihun farar riga.

Mace ɗaya ce ba ta ce komai ba. Tana can ƙarshen benci, da guntayen zare a jikin mayafinta da tef ɗin awo yana leƙowa daga jaka, ko ba a faɗa ba mai ɗinki ce. Sai da hayaniya ta lafa ta taso, hannu ɗaya a ƙugu.

"Malama, na farina kilo biyar ba kaɗan. Kai ya fito, sauran ya ƙi. Da aka ciro shi babu rai. A nan na sha ruwan sugan nan wancan karon ma. Aka ce lafiyata lau."

"Za ki dawo jibi?"

"Ƙarfe nawa?"

Da la'asar ta koma gida ta tarar da labarin ya riga ta, don matar maƙwabcinsu tana shara a asibitin. Umma tana tsakar gida tana ninke wanki, ba ta ma bari ta ajiye jaka ba.

"Ke kaɗai kika yi karatu a garin nan? Mutum ya haife ki, ya ce yi kaza, ki ce a'a a gaban jama'a?"

"Umma, ƙarya ya ce in sa wa hannu."

"Ki sa mana, ki tafi kwas ɗinki, ki dawo da babbar takarda ki gyara. Wa ya ce sai yau? Taurin kan nan naki ba daga wurina kika ɗauko ba."

"Kafin in dawo, matan nan sun haihu."

Yaya, babbar 'yar Umma, tana bakin ƙofa tana sa wa 'yarta riga. Yarinyar shekararta biyar, kuma kullum sai an ɗaga mata hannun dama an cusa a hannun riga, don tun ranar da aka jawo ta daga cikin uwarta da ƙarfi, kilo huɗu da ɗigo takwas, hannun yake a sake. A wannan asibitin Yaya ta yi awo. Ba ta taɓa ɗora wa kowa laifi ba, ta ce haka Allah ya rubuta. Yau kam ta daɗe tana kallon ƙanwarta.

"Nawa jinin ma a tagar ya zauna ke nan?"

Agogo ta sunkuyar da kai. "Ban sani ba, Yaya. Amma ranar Talata kika je."

Yaya ta gama ɓalla wa yarinyar maɓalli, ta shiga ɗaki, ta fito da kular da suke sa ƙanƙara in za a yi tafiya. Ta dire ta gaban Agogo.

"Ki wanke ta, tana warin kifi."

Ranar Alhamis mata tara suka dawo cikin ashirin da ɗaya. Agogo ta kafa kujera a bakin baranda, kula a gefen ƙafarta, agogon hannunta a kan cinya. Babu kwalba mai ruwan toka, don haka gudu ne kawai maganin abin. Da an ɗiba ta rubuta lokaci a jikin kwalbar, ta tsoma a ƙanƙara, ta haye bene ta sa a inji ya raba ruwan jinin da ƙwayoyinsa, ta sauko. Sau goma sha huɗu ta hau benen nan kafin ƙarfe goma sha ɗaya. Sista Babba tana ƙirgawa da ƙarfi, nas-nas suna dariya.

"Goma sha biyu! Sannu, jirgin sama!"

Huɗu daga cikin taran sugansu ya haura layin ja, mai ɗinki ce ta fi kowa nisa. Shi kuwa tiren Talata, Oga ya sa wani abokin aikinta ya gwada, ya buga hatimi da kansa: ashirin da ɗaya, duka lafiya lau. Sai ga mace ɗaya da takarda biyu daga ɗaki ɗaya, kwana biyu tsakani, ɗaya ta ce babu komai, ɗaya ta ce a tashi tsaye.

Likitar mata ta riƙe su biyun a hannu, ta dubi wannan ta dubi wancan da idanun da suka gaji.

"Da wacce zan yi aiki?"

"Da wadda aka rubuta lokaci a kanta, likita."

Likitar ta yi ajiyar zuciya. Ta sa matan huɗu a layin kulawa ta musamman: a rage shinkafa da biredi, a bar lemo da shayi mai zaƙi, a riƙa tafiya bayan cin abinci, a zo duk mako a caki yatsa, a duba girman ɗan a hoto duk wata. Mai ɗinki har allura aka ɗora ta a kai.

Takardar tuhuma ta iso wa Agogo ranar Litinin. Laifi uku aka jera: ƙin bin umarni, shiga sashen da ba nata ba, da tayar da hankalin masu juna biyu. Ta karanta sau biyu tana neman inda aka ambaci tire, ko taga, ko jan murfi. Babu.

A ɗakin taro aka zaunar da ita gaban kwamiti, maza uku da Sista Babba, Oga a gefe yana wasa da biro. Likitar mata, wadda ta ce za ta zo, tana ɗakin tiyata. Shugaban kwamitin dattijo ne mai sanyin murya, irin masu yanka mutum suna yi masa sannu.

"'Yata, ba wanda ke son ɓata miki gaba. Ga layi biyu an rubuta miki. Ki sa hannu, Oganki ya sa hannu a fam ɗinki, kowa ya huta."

Ta jawo takardar. Cewa aka yi ta yi nadama, kuma gwajin da ta yi ranar Alhamis ba bisa ƙa'ida ba ne, don haka a soke shi.

"Ranka ya daɗe, in an soke shi, wace takarda za ta rage a katin matan nan huɗu?"

"Ta asibiti mana."

"Wadda ta ce lafiyarsu lau."

"Wannan ba hurumin ki ba ne."

"A cire su daga layin kulawa ke nan. Ita mai ɗinki a karɓe allurarta, ta koma gida ta jira wata uku, ta zo ta sake haifar wanda za a ciro babu rai. Ranka ya daɗe, a kawo jinina yanzu. A raba shi biyu, a gwada rabi nan take, a ajiye rabi a tagar Sista har azahar. In lamba ɗaya suka ba da, ni da kaina zan rubuta takardar barin aiki."

Ba wanda ya motsa. Sista Babba ta ce wallahi ba ta taɓa ganin yarinya marar kunya irin wannan ba. Oga ya ce ai ba a zo nan don yin gwaji ba.

"Na sani, Oga," in ji Agogo. Ta tura takardar gabansu ba ta taɓa biro ba.

Juma'ar ƙarshen wata ta zo ta wuce, fam ɗinta yana cikin durowa. Wanda ya gwada tiren Talata aka tura kwas, shi da ya zo na uku a jarrabawa. Ita kuma aka mayar da ita ɗakin kati, wani kurkukun ɗaki a ƙarƙashin bene, inda ake ajiye fayil ɗin marasa lafiya. Babu taga, babu inji, babu farar riga. Sai ƙura da gizo-gizo da wata 'yar ƙofa da ake miƙo lamba ta miƙa kati.

Ba ta taɓa makara ba. Ƙarfe bakwai da rabi take buɗewa. Ta jera katunan shekara shida da ke zube a ƙasa, ta rubuta wa kowane kanta lamba. Waɗanda suke cin abincin rana tare a da, yanzu in sun hango ta sai waya ta kama su. Umma ta yi mako biyu ba ta amsa gaisuwarta da fiye da kalma ɗaya. Abin da ya fi ci mata rai shi ne Talata. Ƙarfe sha biyu saura kwata za ta ji takun mai kai tire a saman kanta, kwalabe suna ƙara, ta damƙe bakin tebur har takun ya wuce.

A mako na bakwai ta ji takun da ƙarfe takwas. Ta leƙa. Kula ce sabuwa fil a hannun nas, ba tire ba. A jikin allon sanarwa an manna takarda: bisa binciken da shugaban ɗakin gwaji ya gudanar, daga yau za a riƙa ɗibar jinin suga a kwalba mai murfi ruwan toka, a kai shi cikin ƙanƙara. Ga sa hannun Oga a ƙasa, babba, da doguwar jela. Ashe hannun yana aiki.

Ta tsaya gaban allon har ta haddace takardar. Sannan ta koma ƙarƙashin bene, don akwai layi a ƙofarta.

Wata uku bayan gwajin ranar Alhamis, da hantsi, Sista Babba da kanta ta sunkuyo ta 'yar ƙofar, fuskarta cike da murna.

"Albishirinki, 'yar boko! Mai ɗinkinki ta sauka jiya. Mace, kilo uku da ɗigo shida. Da kanta ta haihu, ko ƙari ba a yi mata ba. To ina ƙaton da kika tara mana jama'a a kansa? An hana baiwar Allah cin abinci wata uku a banza!"

Agogo ta buɗe baki ta yi bayani, sai ta ga babu amfani. Ƙaton da ba a haifa ba, da me za ta nuna shi? Da an bar matar da takardar ƙarya, da yanzu akwai hujja a kan sikeli, kowa ya gani ya yarda. An tare abin, shi ke nan ya zama kamar bai taɓa tasowa ba.

"Alhamdu lillahi, Sista," ta ce. "Lambar katin wa kike nema?"

Washegari da za a sallame ta, mai ɗinki ta biyo ta ƙarƙashin bene tana takawa a hankali, jaririya a kafaɗa. Ta dubi ƙurar ɗakin, ta dubi Agogo babu farar riga.

"Nan suka kawo ki?"

"Nan ne ofis yanzu. Kawo ta in gani."

Ta karɓi jaririyar. Rigar da aka sa mata ta yi mata yawa, an naɗe hannuwan sau biyu, wuyan yana zamewa.

"Ta yayanta ce," in ji mai ɗinki. "Wadda na ɗinka masa bai sa ba. Da gangan na sa mata. Surukata tana ta faɗa wai an tsotse mini 'ya da yunwa. Na ce mata ni tela ce, na ga kafaɗar wancan, na auna ta wannan. Ba sai an gaya mini ba."

Agogo ta sa yatsa a tafin hannun dama na jaririyar, yarinyar ta damƙe shi. Ta sa a na hagu, ta damƙe. Ta daɗe ba ta zare ba.

"Malama, me suka yi miki a kan wannan?"

Agogo ta miƙa mata 'yarta, ta gyara mata wuyan rigar.

"Kwas ɗina ya tafi, kuma ba zai dawo ba, don watan jibi zan cika talatin. Akwai takardar gargaɗi a fayil ɗina, duk inda na nemi aiki za ta riga ni isa. An hana ni taɓa kwalbar jini, aikin da na yi shekara biyar ina koyo. Gyaran kuma da sunan wani aka yi shi." Ta jawo kujerarta gaban 'yar ƙofar, inda wani ya riga ya miƙo lamba. "Abin da na biya ke nan. Ki rufe mata kai, akwai ƙura a nan."